Rokutan da 'yan uwansa: yadda ake shansa, da wadda bai kamata ta kusance shi ba

Satin da ya wuce 'yar maƙociyarmu ta shigo min bayan la'asar, nan gidanmu a Jidda, ta zauna bakin katifa tana ta juya waya a hannu kamar mai neman aron kuɗi, can dai ta ce, "Yaya, dan Allah ance kin taɓa shan Rokutan, in akwai ragowa ki taimaka min, so nake fuskata ta washe kafin biki." Na ce yaushe ne bikin? Ta ce saura wata biyu. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ragowar kam akwai, kati biyu na nan cikin durowa tun bara, kuma da wata ce ta samu ba ni ba da tuni an miƙa mata cikin leda harda addu'ar Allah ya sa a dace.

Ban bata ba. Abin da na zaunar da ita na faɗa mata shi zan faɗa miki, don maganin nan na ƙurajen fuska ya zama ruwan dare a ƙasar nan, 'yan matan Larabawa suna sha, namu ma sun ɗauka, daga Shara Mansur a Makka har Karantina kowa ta san sunansa amma kaɗan ne suka san me yake yi a jiki.

Asalin sunansa aisotiretinoyin, Roaccutane sunan da kamfanin Roche ya sa masa ne, mu kuma bakinmu ya mayar da shi Rokutan. Daga bitamin A aka samo shi, shi da danginsa ana ce musu retinoyid. A 1982 aka fara amincewa da shi a Amurka, kinga ba sabon abu bane, ya haura shekara 40 ana aiki da shi kuma har yau ba a samu wanda ya kai shi kashe manyan ƙurajen fuska ba. Aikinsa shine ya tsuke 'yan jakunkunan nan na ƙarƙashin fata masu fitar da maiƙo, har maiƙon ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, toh in babu maiƙo ƙofar gashi bata toshewa, ƙwayar cutar da ke rayuwa a ciki ta rasa abinci, kumburi ya sauka. Matsalar dai maganin bai san fuska kawai aka aike shi ba. Leɓe, cikin hanci, ido, fatar hannu, duk sai ya busar.

Fara tambayar kanki ko ƙurajenki sun kai

Ba kowane ƙurji ake sha wa Rokutan ba. An yi shi ne don manyan nan masu zurfi masu zafi kamar maruru, waɗanda ke fitowa a kumatu da haɓa da baya da ƙirji su bar rami ko tabo, ko kuma waɗanda aka yi wata da watanni ana shafe-shafe da shan antibayotik sun ƙi ji. Nawa haka suke, in na yi sujjada goshina har zugi yake. Amma 'yan ƙananan da ke fitowa in al'ada ta kusa, guda uku huɗu, wannan man shafawa ya ishe su.

Sannan akwai wata magana da bamu so a taɓa, ita ce ta man bilicin da haɗin nan da ake ce wa kalɗa, wanda ake sayarwa a robobi babu suna babu komai. Da yawa akwai sitiroyid a ciki, kuma sitiroyid da kansa yana fesa ƙuraje ƙanana iri ɗaya a fuska. In kina shafa irin wannan ki faɗa wa likita gaskiya, kar ki ce ai ni ba na shafa komai alhali fatarki ta riga ta tona miki asiri, don mai yiwuwa maganinki barin man ne a hankali ba Rokutan ba.

Kafin ƙwayar farko

Wajen likitan fata ake zuwa, jildiyya, shi zai rubuta wasfa, wato takardar magani, kuma saidaliyyar kirki, kantin magani kenan, ba za ta baki ba sai da takardar. Na san halin da wasunmu ke ciki na iƙama, takardar zaman ƙasa, da kuɗin ganin likita, shi ya sa ake aiko da shi ta hannun masu zuwa Umara ko a saya wajen wata Hajiya mai kayan gyara, amma ko a mustausaf, ƙaramin asibiti mai zaman kansa ne ki daure ki ga likitan fata, don tahlil ɗin, wato gwaje-gwajen da za a yi miki, shine rabin maganin. Za a ɗebi jini a duba hanta, a duba kitsen jini, wannan da azumi ake zuwa ba a karya ba, sannan mace a yi mata gwajin ciki. Bayan wata ɗaya a sake duba hantar da kitsen, in lafiya lau sai a koma duk wata uku. Mai ciwon hanta bata sha, mai shayarwa bata sha, yaron da bai kai shekara 12 ba ba a bashi, mai ciwon suga sai an ƙara sa ido don sugan na iya motsawa. In gyaɗa ko waken suya na tayar miki da borin jini ki faɗa tun a ranar farko, akwai man waken suya a cikin ƙwayar.

Yanzu maganar ciki, wadda saboda ita na hana yarinyar nan.

Rokutan yana lalata halittar jariri tun yana gudan jini, a satuttukan farko da ke kanki baki ma san kin ɗauka ba. Ba sai kin sha da yawa ba, ba sai kin daɗe kina sha ba, babu wani adadi da aka ce wannan kam babu komai. Tun 1985 wani likita a Amurka, Edward Lammer, da abokan aikinsa suka bayyana irin yaran da ake haifa: kunne ƙarami ko babu shi gaba ɗaya, ganɗa a tsage, zuciya da matsala, ruwa a kai, ƙwaƙwalwa bata cika ba. A kowace mace lafiyayya ana samun nakasar haihuwa wajen 3 zuwa 5 cikin 100, amma cikin da ya haɗu da maganin nan lissafin yana kaiwa 20 zuwa 35 cikin 100, banda ɓari da shi ma yake ƙaruwa, banda yaran da za a haifa kamar lafiya sai an sa su makaranta a ga karatu ya gagara. Saboda haka ne Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE a 2006, sai an yi wa mace rajista kafin a bata ko ƙwaya ɗaya.

Ƙa'idar ita ce ki fara tsarin iyali wata ɗaya kafin ki fara, ki ci gaba duk tsawon shan, ki ƙara wata ɗaya cur bayan ƙwayar ƙarshe. Kuma ba kowane tsari ba. Wanda aka fi yarda da shi shine robar mahaifa da nan ake ce wa laulab, ko ashanar hannu, in kuma ƙwayar sha ce toh sai an haɗa da kwaroron roba, sannan ƙaramar ƙwayar nan da ake bai wa masu shayarwa ba a dogara da ita. Lissafin kwanaki da "ai maigida yana kiyayewa" ba sa cikin lissafi sam. Duk wata za a sake gwajin ciki kuma maganin wata ɗaya kawai za a rubuta miki, kar ki ji haushin dukturar, wato likitar, in ta ƙi baki na wata uku, ba rowa bace.

Toh ki duba lamarin amaryar nan. Saura wata biyu ta shiga ɗaki, magani kuma wata shida zuwa bakwai yake ɗauka, watan farko ma ƙurajen ƙaruwa suke yi wa wasu kafin su fara sauka, ga leɓe a tsage ranar kamu, ga uwa uba dangin miji da nata duk sun zuba ido su ga ta fara tofar da yawu. Wace amarya ce a cikinmu zata iya ce wa ango da uwar miji a jira wata takwas? Garin gyaran gira a rasa ido kenan. Budurwar da ba a sa mata rana ba, ko matar da suka zauna da mijinta suka yi shawara ya yarda da tazarar, su ne lokacinsu ya yi. Kuma ki faɗa wa mijin komai dalla-dalla, in da hali ku je wajen likitar tare ya ji da kunnensa. In kuwa ƙaddara ta faɗa al'ada ta yi jinkiri kina cikin sha, ki tsayar da maganin a ranar, ki koma wajen likita a ranar, ko ki kira 937 layin ma'aikatar lafiya su faɗa miki inda zaki nufa.

Kai kuma ɗan'uwa, abin da ke fita ta maniyyi bai kai ya cutar da cikin matarka ba, naka dokar biyu ce, kar ka bar kwalin inda iyali zata ɗauka, kar ka bada jini.

Yadda ake shan

Da nauyin jiki ake auna shi, rabin miligiram zuwa miligiram 1 a kowane kilo kullum, kuma yawancin likitoci suna so jimillar abin da kika sha daga farko zuwa ƙarshe ya kai miligiram 120 zuwa 150 a kowane kilo. Bari in miki da kaina. Kilo 60 nake lokacin, kenan ana neman 7,200 zuwa 9,000. Watan farko dukturata ta ɗora ni kan 20 kullum, ya bada 600, daga nan ta mayar da ni 40 kullum wato 1,200 a wata, sai da na yi wata shida da rabi kafin na taɓa 7,200. Akwai likitocin da ke bada kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, musamman ga wadda bushewar ta yi wa yawa, duk daidai ne in dai likita ne ya tsara, wanda ba daidai ba shine ki ninka da kanki don ki gama da wuri.

Da abinci mai maiƙo ake sha, wannan kar ki yi wasa da shi, don in cikinki babu komai kusan rabin maganin ne kawai ke shiga jini, kin yi asarar kuɗinki. Ba wai ki zauna ki cinye tiren kabsa ba, ƙwai soyayye, ful da man zaitun, cokalin man gyaɗa ko tunkuza, madara mai kitse, ya wadatar. Ki haɗiye ta ɗungurungum kar ki tauna kar ki fasa. In kin manta ta jiya ta wuce, kar ki haɗa biyu yau. Da azumi ni bayan buɗa baki nake sha in na ci abinci sosai, ba kan dabino da ruwa ba, kuma gaskiya in kina da zaɓi kar ki sa farkon shanki ya faɗo cikin Ramadan na zafi, na gwada, ƙishi da busasshen leɓe ba ƙaramin jarabawa bane. Kwalin kuma kar a bar shi cikin mota, kin san ranar ƙasar nan.

Abubuwan da ba a haɗawa da shi: doksisaikilin da duk danginsa na tetirasaikilin, wanda abin haushi su ne aka fi bayarwa don ƙuraje, haɗa su yana iya tara ruwa ya matse ƙwaƙwalwa. Sai duk wani bitamin mai A a ciki, harda na gashi da farce da ake tallatawa a Snapchat da man hantar kifi. Kibda ma, wato hanta, da ake karyawa da ita da safe ki rage, hanta cike take da bitamin A. Duk likitan da kika je wajensa, ko na haƙori ne, ki ce ina kan Rokutan.

Zama da bushewa

Leɓe kam babu wadda ke tsira, har dukturata cewa take in leɓenki bai bushe ba anya kina shan maganin kuwa. Nawa a sati na biyu ya fara, na buɗe baki zan ciji sambusa naji tsat a gefen baki, na taɓa naga jini. Daga ranar Vaseline ya zama abokin tafiya, ɗaya a jaka, ɗaya ƙarƙashin filo, ɗaya kan tagar kicin, kuma ki daina lasa da harshe da ɓantarar fatar da haƙori, ƙara ta'azzara shi suke. Da muka je Madina ziyara abin ya ninka, don Jidda ko ba komai akwai damshin teku, Madina da Riyad iskarsu busasshiya ce ƙarau, ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na hurawa dare da rana, da asuba na tashi naga haɓo ya ɓata filo. Abin da ya taimaka min shine ɗan Vaseline a bakin hanci kafin barci da juya mukayyif ɗin ya daina bugun fuskata kai tsaye.

Ido yana yin kamar an zuba yashi, sai ɗigon hawayen roba daga saidaliyya, masu sa lens kuma su koma tabarau. Wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sabulu mara ƙarfi, a ajiye soson goga da sabulun salo da lifa, a shafa mai tun jiki da danshi, bayan kowace alwala ma ki ɗan bi hannu da fuska da mai. 'Yan uwana masu aikin gida, hannunku kullum cikin ruwa da Clorox, ku nemi safar hannu ta roba tun kafin ku fara, in ba haka ba bayan hannu zai yi ja ya dinga tsagewa. Rana kuma tana ƙona fata da wuri ko ke baƙa ce, kar ki ce mu ai rana bata kama mu, ki shafa waƙi shams, man kariya daga rana, mai lamba 50, in Umara zaki yi ki zaɓi dare, man da zaki shafa cikin harami kuma ki duba mara ƙamshi.

Halawa, dilka, cire gashi da kakin zuma, goge fuska da inji, duk a dakata har wata shida bayan kin gama, don fatar ta yi laushi, halawa na iya tashi da ita gaba ɗaya ta bar miki tabo, mu kuma fatarmu tabo baya barinta da sauƙi. Leza ma da ake yayi sai da izinin likitar fata. Ni har hijama, wato ƙaho, ta ce in bari sai na gama. Bada jini haramun ne a likitance duk tsawon shan da wata ɗaya bayansa, ko ɗan'uwa ne ke kwance, don ba ki san ko mai ciki za a ƙara wa ba.

Ciwon baya da na gaɓoɓi yana zuwa, ni a ruku'u nake jinsa, masu ɗaga ƙarfe da ƙwallo su sassauta. Gashi na iya ɗan zubewa. Wasu ganinsu na dare yana raguwa kuma farat ɗaya yake zuwa, direbobinmu masu bin hanyar Makka zuwa Madina da daddare wannan naku ne, in ka ga fitilu sun fara yi maka wani iri ka ajiye tuƙin dare ka ga likita.

Waɗanda ba a jira ranar ganin likita

Ciwon kai mai tsanani da amai da gani dishi-dishi ko bibbiyu. Ciwon ciki mai ƙarfi ta sama da ke ratsawa baya, wannan kan faru in kitsen jini ya haura sosai, wajen 800, ya kumbura fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Gudawa da jini. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Fata ta yi ƙuraje masu ruwa tana saɓulewa harda baki da ido. Kowanne kika gani ki ajiye maganin ki tafi ɗawari, sashen gaggawa na asibiti, in abin ya fi ƙarfi 997 motar asibiti.

Sai wanda ba a gani da ido, wato zuciya. An samu masu shan maganin da suka faɗa ƙunci da damuwa, wasu har tunanin kashe kai, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ƙara tsaurara dokarsa saboda wannan da kuma ƙorafin raunin sha'awa da bushewar gaba da wasu suka kawo. Mu nan ga kewar gida, ga aiki, ga zaman ɗaki, abu kaɗan ne zai ƙara a kai. Ki sa wata ta kusa da ke ta dinga lura, in ta ga kin daina magana, kina kuka babu dalili, barci ya ƙaurace, ta faɗa miki kuma ki yarda. In dama kina da ciwon damuwa ki faɗa wa likita kafin a fara, ba abin kunya bane.

In kin gama fatar na ci gaba da gyaruwa har wajen wata biyu, don haka ko za a sake zagaye na biyu sai an jira aƙalla sati 8. Da yawa zagaye ɗaya ya ishe su, wasu ƙurajen kan dawo amma da sauƙi. Baƙin tabo yana bajewa a hankali, ramin da tsofaffin ƙuraje suka bari kam Rokutan baya cike shi.

Yayan Rokutan da ya fi shi riƙo

Akwai asitiretin, a kwali zaki ga Neotigason, shi ba na ƙuraje bane, na sadafiyya ne, ciwon nan da fata ke yin kauri tana ɓarɓashi fari kamar ɓawon kifi a gwiwa da gwiwar hannu da kai, da wasu cututtukan kaurin fata da ake gado. Yawanci daga miligiram 25 ko 30 ake farawa. Bushewarsa irin ta Rokutan ce, sai dai ya fi zubar da gashi kuma tafin hannu da na ƙafa suna saɓa. Babban bambancin shine shi ba wata ɗaya ake jira ba, shekara 3 ne cur babu ciki babu bada jini bayan an daina, saboda a jiki wani ɓangarensa yana rikiɗa ya koma etiretinet, wanda ke maƙalewa cikin kitse, sai ya yi wajen kwana 120 kafin rabinsa ya fita. Barasa ce ke ƙara wannan rikiɗar, kuma kafin ki ce mu ai ba ma sha, ki duba maganin tari da na ƙarin jini na ruwa da ake kawowa daga gida, wasu akwai ta a ciki. Ba a haɗa shi da metotireksat, wani maganin sadafiyyar, hanta ba zata ɗauka ba. Nikam a ganina macen da bata gama haihuwa ba in aka rubuta mata shi ta tambayi likita ko akwai wata hanya, don sadafiyya yanzu tana da magunguna da yawa. Akwai kuma alitiretinoyin, Toctino, na egzimar hannu mai taurin kai, da Targretin na wani nau'in kansar fata, dukkansu dokar cikin nan tana kansu.

Ita dai amaryar tamu washegari na raka ta wajen likitar fata, aka rubuta mata man benzoyil feroksaid na dare da azelayik asid na safe, wanda ko ciki ya shiga ba a fargabarsa, aka kuma ce ta ajiye kalɗar da wata ƙawarta ta haɗa mata. A hanyar dawowa na tsaya saidaliyya na miƙa musu kati biyun nan nawa su zubar, tana tsaye tana kallona kamar na jefa zinare a teku, har muka shiga mota tana cewa, "Yaya, ko ɗaya fa baki rage ba?"